Digiri na Biyu na Haɗin Gwiwa a Kimiyyar Taswira da Bayanan Doron Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi ga Sababbin Ɗalibai

Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin ɗaliban da suka samu gurbi, ko suke nema, a irin digirin nan da jami'o'in Turai uku ko huɗu ke haɗa kai su bayar. Na yi amfani da "ka" don sauƙin magana, amma da maza da mata nake. Dokokin shige da fice kan sauya, saboda haka a gwada alƙaluman da na kawo da abin da ofishin jakadanci ya wallafa a ranar da za a cike takarda.

Mece ce ma'anar haɗin gwiwar? Jami'a ɗaya zan yi ko uku?

Karatu ɗaya ne, amma ba a wuri ɗaya ba. A ƙarƙashin tsarin Erasmus Mundus, wanda Tarayyar Turai ta fara a 2004, aƙalla jami'o'i uku daga ƙasashe uku ne ke tsara manhajar karatu tare, kuma dole ɗalibi ya zauna a ƙasashe biyu ko fiye. A wannan fanni akwai shirin da ya haɗa Lisbon a Fotugal, Castellón a Sifaniya da Münster a Jamus: zangon farko a Lisbon ko Castellón, na biyu kowa ya hallara a Münster, na uku kuma rubutun kundi, wata goma sha takwas ke nan. Akwai na zanen taswira da ake farawa a Munich ta Jamus, a koma Vienna ta Austiriya, sannan Dresden ta Jamus, da jami'ar Twente ta Holan a cikin kawancen. Akwai wanda ake yin shekarar farko a Salzburg ta Austiriya, ta biyu a Olomouc ta Jamhuriyar Cek ko Vannes ta Faransa.

Abin da takardun talla ba sa nanatawa shi ne, kowane zango ƙaura ce cikakkiya. Sabon ɗaki, sabon ofishin rajista, sabon salon ba da maki, wani lokacin har sabon kuɗi. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga wannan ƙaurar suka samo asali.

Ban karanta labarin ƙasa ba. Za a ɗauke ni?

Ana ɗauka. A aji guda za ka tarar da wanda ya karanta safiyo, da mai kimiyyar kwamfuta, da mai tsara birane, da mai ilimin gandun daji. Abin da masu tantancewa ke dubawa shi ne ko ka taɓa lissafi da ƙididdiga, ko ka taɓa rubuta shirin kwamfuta ko da kaɗan, da kuma ko wasiƙarka ta nuna matsalar da kake so ka warware da taswira. Wasiƙar da ta ce "tun ina yaro nake son taswira" ba ta kai wadda ta bayyana yadda ka auna ambaliyar wani kogi da hotunan tauraron ɗan'adam ba, ko da aikin bai yi kyau ba. Shaidar iya Turanci ma dole ce, kuma sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki. Akasari ana karɓar takardu ne tsakanin Oktoba da Janairu, a rufe bisa agogon Turai ta tsakiya.

Nawa ne tallafin, kuma me ya ƙunsa?

A tsarin Erasmus+ na 2021 zuwa 2027, babban shirin ilimi na Tarayyar Turai da Erasmus Mundus ke ƙarƙashinsa, wanda ya samu tallafin yana karɓar Yuro 1,400 a wata, har zuwa wata 24, ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma ana yi masa inshorar lafiya. Daga cikin wannan 1,400 ɗin ne kuɗin jirgi da na biza da na ƙaura za su fito. Babu wata jaka ta daban. Kuma ba kowace shekara kowane shiri ke da tallafin ba, sai an duba.

Ga inda ake shan mamaki: kuɗin farko ba ya shigowa sai ka iso, ka yi rajista, ka miƙa lambar asusun banki. Tsakanin saukarka daga jirgi da shigowar kuɗin ana iya ɗaukar makonni, alhali mai gida yana jiran hayar wata ɗaya da kuɗin ajiya a rana guda. Ka zo da abin da zai riƙe ka wata biyu ba tare da ka leƙa asusu ba. Wanda kuma zai ɗauki nauyin kansa ya sani cewa Jamus na neman shaidar Yuro 11,904 na shekara, adadin da aka sa tun 2024, kuma galibi a rufaffen asusu ne da ke sakin 992 a kowane wata.

Biza nawa zan nema? Ta ƙasar farko ta ishe ni?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce cin mutane, don haka bari in tsaya a kanta.

Daga gida za ka nemi bizar dogon zama, wadda ake kira nau'in D, ta ƙasar da za ka fara karatu. Ba bizar yawon buɗe ido ba. Idan ka isa, ana maye gurbinta da katin izinin zama. Da wannan kati za ka iya shiga sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, amma na kwana 90 kacal a cikin kowane kwana 180. Zangon karatu kuwa ya kai wata biyar ko shida. Ke nan katin ƙasar farko, shi kaɗai, bai ba ka damar zaman zango guda a ƙasa ta biyu ba.

Akwai dokar Tarayyar Turai mai lamba 2016/801 da ta buɗe wata ƙofa: ɗalibin da ke cikin shirin haɗin gwiwa yana iya zama har kwana 360 a wata ƙasar ba tare da sabuwar biza ba, muddin an sanar da hukumar ƙasar kafin ya shiga. A Jamus, jami'ar da za ta karɓe ka ce ke aika sanarwar ga hukumar tarayya mai kula da ƙaura. Sharaɗin da ke kada mutane shi ne, dole katin ƙasar farko ya kasance da rai har ƙarshen zaman da za ka yi a ta biyu. Idan an ba ka kati na shekara ɗaya ka tsira. Idan kuwa bizar wata shida ce a hannunka, ko katin bai fito ba har lokacin tafiya ya yi, to sai ka nemi bizar ƙasa ta biyu daga ofishin jakadancinta da ke ƙasar farko, kuma samun ranar ganawa kaɗai kan ci makonni.

Shawarata ita ce, a makon da ka sauka a ƙasar farko ka rubuta wa jami'in da ke kula da shirin ka tambaye shi ta wace hanya 'yan ajin bara suka shiga ƙasa ta biyu. Za ka ji kamar ka yi gaggawa, tunda ko ɗakinka ba ka gama shiryawa ba. Ba gaggawa ba ce. Na ga ɗaliba mai ƙwazo da ta rasa makonni uku na farkon zango na biyu tana zaune da akwatunanta a ɗaure, tana bin darasi ta intanet, saboda ta bari sai Disamba kafin ta fara tambaya.

Fasfo kuma ya kasance zai wuce ƙarshen karatun da rai, da shafuka da dama da ba a buga musu hatimi ba.

Me zan fara yi idan na sauka?

Rajistar adireshi, domin kusan komai a kanta yake rataye. A Jamus ana kiranta Anmeldung, ana yi cikin kwana 14 da shiga gida, kuma sai da takardar da mai gida ya sa wa hannu. A Austiriya kwana uku ne kawai. A Sifaniya akwai rajistar ƙaramar hukuma, sannan wanda zai wuce wata shida ya nemi katin shaidar baƙo na TIE cikin wata guda da shigowa. A Fotugal lambar haraji ta NIF ce mabuɗi, don ko yarjejeniyar haya da buɗe asusu sai da ita. Harkar izinin zama kuma tun Oktoban 2023 tana hannun hukumar AIMA, wadda ta gaji tsohuwar hukumar shige da fice ta SEF.

Idan za ka bar Jamus, ka koma ka soke rajistar. Kowane gida a can yana biyan kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata, ko akwai talabijin ko babu, kuma wanda ya tafi bai sanar ba wasiƙun bashi za su ci gaba da taruwa da sunansa.

Yaya batun masauki?

Shi ne abu na biyu mafi wuya, kuma sau biyu ko uku za ka yi shi. Masu gidaje sun fi son wanda zai yi shekara, kai kuma wata biyar za ka yi. Ka nemi ɗakin kwanan ɗalibai a ranar da aka ba ka gurbi, ka nemi na gari na biyu tun kana na farko. Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce gadon ɗaki: ajin da ke gabanku suna fita daga garin da za ku shiga, sai ka karɓi ɗakin ɗayansu da sanin mai gida.

'Yan damfara sun san kalandar jami'a fiye da ɗalibai. Salonsu kusan ɗaya ne: ɗaki mai kyau a tsakiyar gari, farashi mai sauƙi, mai gida "yana ƙasar waje", ka tura kuɗi a aiko maka da makulli. Kada ka tura ko sisi sai kai ko wani da ka sani ya tsaya a cikin ɗakin. Ka kuma tambaya ko za a iya yin rajistar adireshi da gidan. Idan aka ce a'a, ɗakin ba shi da amfani a gare ka komai arahar sa. A dokar Jamus kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku, ban da kuɗin wuta da ɗumama ɗaki. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane tabo a bango, don ranar fita da shi za a yi maka lissafi.

Sai na buɗe asusun banki a kowace ƙasa?

A'a. Asusu ɗaya mai lambar IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, yana aiki a duk yankin biyan kuɗi na Turai da ake kira SEPA. Sai dai ka tuna Jamhuriyar Cek da Suwidin ba Yuro suke kashewa ba. Game da inshora, ko da shirin ya yi maka, jami'o'in Jamus ba sa kammala rajista sai wani kamfanin inshorar gwamnati ya aika musu da tabbacin cewa kana ciki ko an ɗauke maka. Imel ɗaya ne, amma a yi shi da wuri.

Wace irin kwamfuta zan saya?

Mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 16 zuwa sama, da ma'ajiya mai sauri, da wani faifan waje na ajiye kwafi. Hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 guda ɗaya, mai rufe fili kusan kilomita 100 a tsaye da kwance, kan kusanci gigabait ɗaya, kuma aiki ɗaya yakan buƙaci gommai. Manhajar taswira ta ArcGIS Pro a kan Windows kawai take tafiya. Manhajar taswira ta QGIS da harsunan rubuta shiri na R da Python kuwa kowace kwamfuta suna hawa. Kada ka sayi lasisin komai, jami'a ke bayarwa.

Idan a Jamus za ka sayi kwamfutar, duba madanninta: harafin Z da Y sun yi musayar wuri, alamomin da ake yawan bugawa wajen rubuta shiri kuma sun ɓuya a wasu lunguna.

Saura wata uku in tafi. Me zan koya?

Python, sai ƙididdiga. Zana taswira mai kyau abu ne da za ka koya cikin mako biyu, amma wanda ya shiga aji bai san yadda ake karanta fayil da maimaita aiki a Python ba, zai kwana yana bin bayan aji har ƙarshen zango. Ka sauke QGIS, kyauta ne. Ka sauke hoton tauraron Landsat, wanda aka fara harbawa a 1972 kuma aka buɗe taskarsa kyauta a 2008, ko na Sentinel-2 da ya fara aiki a 2015. Na farkon yana ganin ƙasa a murabba'in mita 30, na biyun mita 10. Ka lissafa koren tsirrai na wani yanki a damina da rani, ka ga bambancin da idonka. Idan lokaci ya rage, ka taɓa SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, don rumbun bayanan taswira na PostGIS na jiranka, ka kuma koyi Git, manhajar bin sauye-sauyen fayil, don aikin rukuni ba ya yiwuwa da tura fayil mai suna "na ƙarshe na gaske 3".

Wane kuskure sababbi suka fi yi a aikin aji?

Tsarin ma'aunin wuri, wato yadda lambobi ke nuna inda abu yake a doron ƙasa. Kowa sai ya faɗa, har waɗanda suka yi shekaru suna aiki.

Na tuna daren da na loda jerin wuraren ajiye kekuna na Münster, ɗigo ɗari da wani abu, na danna, taswirar garin ta fito fayau babu ɗigo ko ɗaya. Na sake lodawa sau uku. Sai da na janye taswirar baya har duniya ta bayyana, na hango su can a dunƙule cikin Tekun Indiya, gabas da gaɓar Somaliya. Münster tana kusan digiri 52 arewa, 7.6 gabas, ni kuma na juya ginshiƙan biyu, ta koma 7.6 arewa, 52 gabas. Baki ya saba cewa latitud sannan longitud, manhajoji da yawa kuwa longitud suke so a gaba. Idan kuma ɗigoginka suka taru a Tekun Gini, inda sifili ya haɗu da sifili, to manhajar ba ta karanta lambobin ba sam. Sau da yawa dalilin waƙafi ne: a Jamus da Fotugal da Sifaniya ana rubuta 7,6 maimakon 7.6, kuma kwamfutar ɗakin gwaji haka aka saita ta.

Sai auna faɗi da nisa. Kowane tsarin ma'auni yana da lambarsa: EPSG:4326, wato WGS 84 da GPS ke amfani da shi, a digiri yake, ba a mita ba, kuma digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne; wanda ya ce a zagaye rijiya da "500", yana nufin mita, a wannan tsari ya zagaye duniya. EPSG:3857, wanda taswirorin intanet ke amfani da shi, a mita yake amma yana kumbura fili: a latitud na Münster gona za ta fito fiye da ninki biyu da rabi na girmanta. Don auna fili a koma tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6. Nan ma ƙaura na biye da kai: Lisbon tana shiyya ta 29, Münster ta 32. Bayanan hukumomin Turai kuma galibi a kan tsarin ETRS89 suke, wanda ke tafiya da farantin nahiyar mai motsi a hankali, yana nisantar WGS 84 da kusan santimita biyu da rabi a shekara. Ga taswirar gari ba komai ba ne, ga mai safiyo kuwa babban abu ne.

Ƙaramin ƙari: tsohon fayil ɗin shapefile yana datse sunan ginshiƙi a harafi goma. Yi amfani da nau'in fayil na GeoPackage.

An ba ni 1.7 a Jamus. Faɗuwa na yi?

Ka ci, kuma da kyau. A Jamus 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 ne iyakar ci, 5.0 faɗuwa. A Fotugal daga 0 zuwa 20 ne, ana ci da 10. A Sifaniya 0 zuwa 10, ana ci da 5. Kawancen yana da jadawalin da yake juya makin zuwa ma'auni ɗaya. Kowane zango kiredit 30 ne na ECTS, ma'aunin nauyin karatu na Turai, kowane kiredit kuma aikin awa 25 zuwa 30, wato aikin yini cikakke duk mako ko da jadawalin aji ya nuna sarari.

A jami'o'in Jamus halartar darasi daban, rajistar jarrabawa daban, kuma tana da ranar rufewa. Idan ka ga "c.t." a gefen lokacin darasi, ana nufin za a fara bayan kwata, "s.t." kuwa a kan daƙiƙa.

Zan iya haɗawa da aiki?

Doka ta yarda da iyaka. A Jamus, tun Maris na 2024, kwana 140 cikakku ne a shekara ko rabin yini 280. Amma wata biyar a gari ba ta isa a nemo aiki, a koya, a kuma ci jarrabawa ba. Wanda ya fi dacewa shi ne aikin taimaka wa malami a sashe, don yakan zama ƙofar kundi.

Sai na koyi harshen kowace ƙasa?

Da Turanci ake koyarwa. Amma wasiƙar ofishin baƙi da yarjejeniyar haya da harshen ƙasa suke zuwa, kuma wanda ke tunanin neman aiki a Jamus bayan kammalawa ya fara Jamusanci tun zangon farko. Abin da ya fi harshe kama sabon zuwa shi ne duhun hunturu: a arewacin Jamus a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Agogo ma ana matsar da shi a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, kuma Lisbon tana bayan Jamus da awa ɗaya, abin da ya sha sa 'yan rukuni miƙa aiki a makare.

Yaushe zan fara tunanin kundin bincike?

Tun tsakiyar zango na biyu. Galibi akwai mai dubawa daga jami'ar da za ka zauna da mataimaki daga wata, kuma malaman da ake rububi suna cika da wuri. Ka zaɓi wuri saboda malami, ba saboda yanayin gari ba.

Kafin ka ƙulla take, ka tabbatar bayanan suna hannunka, ka buɗe su ka gani. Alƙawarin wata hukuma cewa za ta ba ka bayanai ba bayanai ba ne, kuma wata shida ba ta da wurin jira. Idan da hotunan tauraro za ka yi aiki a yanki mai yawan hadari, ka fara ƙirga hotuna nawa ne gajimare bai rufe ba. Idan sun yi kaɗan, radar na Sentinel-1 yana ratsa gajimare, sai dai koyon sarrafa shi wani aiki ne. Idan aikin ya shafi bin sawun mutane ta waya, dokar kare bayanai ta GDPR, mai aiki tun 2018, ta hau kansa, kuma izinin kwamitin ɗa'a yana cin lokaci. Jirgi marar matuƙi mai kyamara ma sai mai sarrafa shi ya yi rajista.

Ka rubuta madogarar kowace taswira da kowane shiri da ka aro. Kwafe ba tare da ambato ba yana iya jawo kora.

Wace takarda zan samu, kuma zan iya zama bayan na gama?

Wasu shirye-shiryen takarda ɗaya suke bayarwa mai ɗauke da sunayen jami'o'in duka, wasu kuma kowace jami'a ta ba da tata. Tare da ita akwai takardar ƙarin bayani da ke fayyace darussa da ma'aunin maki. Ita ce ke amsa tambayar mai ɗaukar aiki da bai taɓa ganin digiri mai tambari uku ba. Takardar asali kan ɗauki watanni, don sai ta zaga ƙasashe ana sa hannu, saboda haka ka karɓi ta wucin gadi kafin ka bar gari.

Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya kammala aƙalla wata tara ya nemi aiki. Jamus na ba da wata 18, Holan shekara ɗaya. Ana neman wannan izini ne kafin katin ɗalibta ya mutu, kuma ya fi sauƙi a ƙasar da kake zaune da katinta lokacin kammalawa. Don haka idan aka raba muku fom ɗin zaɓen inda za a yi kundi, ka duba ranar mutuwar katinka kafin ka cike shi.